Yadda Mura Ke Buɗe wa Bakteriya Ƙofar Huhu

Masu aiki a ɗakin yara na asibiti sun san wannan labarin kamar yunwar cikinsu. Yaro ya kamu da mura, hanci na yoyo, jiki ya yi zafi kwana biyu ko uku, sannan ya fara samun sauƙi har ya koma wasa. Ana cikin hamdala, a kwana na shida ko na bakwai, sai zazzaɓin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko, numfashi ya yi sauri, yaro ya ƙi nono ya ƙi abinci. A gida sai a ce murar ce ta sauka ƙirji, ko kuma sanyi ne ya shige shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma sau da yawa abin da ya faru shi ne cuta ta biyu ce ta shigo ta ƙofar da ta farko ta bari a buɗe. Ta farko bairos ne. Ta biyu bakteriya ce.

Dole a raba su tun daga farko, domin rikita su ne tushen kuskuren magani. Bairos ɗin infuluwenza, wato mura mai tsanani, faɗinsa kusan nanomita 100 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon bakteriyar nimoniya. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jiki, wadda ɗaliban kimiyya ke kira sel, ya mayar da ita masana'antarsa. Bakteriya kuwa halitta ce mai cin gashin kanta: tana da bangonta, tana neman abincinta, tana rabuwa biyu ta yaɗu. Magungunan antibayotik irin su amoksisilin bangon nan suke rushewa. Bairos ba shi da irin wannan bango, don haka maganin ba ya taɓa shi ko kusa.

Su kansu masana sun daɗe suna rikita su. A 1892 wani likitan Jamus, Richard Pfeiffer, ya yi ta samun wata bakteriya a kakin masu mura mai tsanani, ya ɗauka ita ce sanadin cutar. Shi ya sa har yau sunanta Haemophilus influenzae, alhali ba ita ke kawo infuluwenza ba. A 1931 Richard Shope ya warware ƙullin a jikin aladu a Amurka. Da ya ba su tataccen ruwa mai ɗauke da bairos kaɗai, ciwon ya zo da sauƙi. Da ya ba su bakteriyar kaɗai, ba su yi ciwon kirki ba. Da ya haɗa musu biyun, sai ga cikakkiyar cuta mai kayar da dabba. Bayan shekara biyu, a 1933, aka ware bairos ɗin infuluwenzar ɗan Adam a Landan.

Annobar infuluwenza ta 1918, wadda dattawan ƙasar Hausa ke kira Marisuwa, ta shigo Najeriya ta tashar jiragen ruwa ta Legas a watan Satumba, ta biyo layin dogo zuwa Arewa, kuma an ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a ƙasar. A duniya baki ɗaya ana maganar kusan miliyan 50. A 2008 David Morens, Jeffery Taubenberger da Anthony Fauci suka sake duba yankakken huhun mutum 58 da aka adana tun lokacin, suka kuma bi bayanan binciken gawa 8,398. Abin da suka samu shi ne mafi yawan mamatan nimoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su, kuma bakteriyar irin wadda ke zaune a hanci da maƙogwaron mutane ce tun asali. Ko a annobar infuluwenza ta 2009, lokacin da antibayotik ke ko'ina, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta samu bakteriya a huhun mutum 22 cikin mamata 77 da ta bincika.

To, me bairos ke yi wa sel har ya zama ganimar bakteriya? Amsar da aka saba bayarwa ita ce yana raunana garkuwar jiki. Gaskiya ne, amma amsar ta yi gajarta, kuma ta ɓoye ainihin wurin da abin ke faruwa, wato fuskar sel ɗin kanta.

A duba cikin bututun iska na mai lafiya. An shafe shi da ƙwayoyin sel a jere, kafaɗa da kafaɗa, kamar tubalin da aka yi wa kyakkyawan yaɓe. Mafi yawansu suna da wasu ƙananan gasu a ka, kusan 200 a kan kowane sel, masu kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, duk ta fuska guda. A saman gasun akwai shimfiɗar majina. Ƙura ko bakteriyar da aka shaƙa sai ta maƙale a majinar, gasun su tura ta sama zuwa maƙogwaro, a haɗiye ta, ruwan ciki ya kashe ta. Wannan shara ba ta tsayawa dare da rana. Shi ya sa mutum ke shaƙar ɗan abin da ke bayan hancinsa cikin barci, ya wayi gari garau.

Infuluwenza waɗannan ƙwayoyin sel take nema. Cikin 'yan kwanaki gasun sun daina kaɗawa yadda ya kamata, sannan ƙwayoyin sel ɗin da suka kamu su mutu su zube. An auna wannan a ɓeraye: saurin tafiyar majina a bututun iska yana raguwa bayan infuluwenza, kuma bakteriyar da aka zuba tana daɗewa ba a share ta ba. Wurin da sel ya zube kuma ba ya zama fanko. Abin da ke ƙasansa ne ke bayyana: wata shimfiɗa ta furotin irin su laminin, kolajin da fibronektin, wadda a da take a lulluɓe. Bakteriyar nimoniya, Streptococcus pneumoniae, wadda za mu kira nimokokas, da Staphylococcus aureus, wadda za mu kira sitaf, dukkansu suna da ƙugiyoyi a jikinsu da aka ƙera daidai da waɗannan furotin. Tun 1986 aka ga wannan da na'urar hangen ƙananan halittu a bututun iskan ɓerayen da aka sa wa infuluwenza: bakteriyar ba ta damu da wuraren da gasu ke nan daram ba, ta taru ne a inda yaɓe ya zube. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai ba lallai sel ya mutu ba kafin ya zama mai sauƙin kamu, kuma nan ne lamarin ya fi ban mamaki. Fuskar kowane sel a lulluɓe take da sarƙoƙin sukari, kuma a ƙarshen kowace sarƙa akwai wani sukari da ake kira sayalik asid, kamar murfi a bakin tulu. Infuluwenza tana da furotin biyu a fuskarta. Na farko, himagulutinin, shi ke kama wannan murfin don bairos ya shiga. Na biyu, niyuraminides, almakashi ne: idan sababbin bairos sun fito daga sel, shi ke yanke sayalik asid don kada su maƙale a wurin. Bairos don kansa yake wannan aski, amma bakteriya ce ke cin riba har sau uku. Da an cire murfin, sukarin da ke ƙasa, kamar galaktos, ya fito fili, kuma nimokokas na iya riƙe shi. Sayalik asid ɗin da aka yanke ya zuba cikin majina ya zama abinci: a 2014 ayarin Jeffrey Weiser ya nuna cewa nimokokas na cin sa ta yi saurin yaɗuwa a hanci, daga nan ta gangara huhu. Sannan almakashin yana tayar da wani sinadarin saƙo na jiki mai suna TGF-beta, wanda ke sa sel ya ƙara fito da fibronektin da wasu maratayai da ake kira intagirin. A ɓeraye, maganin oseltamivir, wanda aikinsa toshe wannan almakashi, ya rage nimoniyar bakteriya da ke biyo baya. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa askin yana da hannu a ɓarnar.

Akwai kuma abin da sel ke yi da kansa idan ya ji bairos a cikinsa. Yana kururuwar neman agaji ta hanyar sinadarai irin su IL-6 da IL-8, yana kuma fito da wasu furotin a fuskarsa don fararen ƙwayoyin jini su samu abin kamawa idan sun iso. Ɗaya daga cikinsu shi ne ICAM-1. Matsalar ita ce hannun da aka miƙa wa mai ceto shi maƙiyi ke kamawa. Haemophilus tana riƙe ICAM-1. Nimokokas kuma tana da wani sinadari a bangonta, fosforilkolin, wanda ya yi kama da wani sinadarin jiki da ake kira PAF, don haka tana zama a kujerar da aka tanada wa PAF a fuskar sel, sel ɗin ya ja ta ciki da hannunsa. An bayyana wannan dabara a 1995. Bairos ɗin murar yau da kullum, rainobairos, da bairos ɗin RSV mai addabar jarirai, dukkansu an nuna suna ƙara yawan waɗannan maratayai a fuskar sel.

Shigar bakteriya cikin sel ba ƙaramin abu ba ne. An daɗe ana ɗaukar sitaf a matsayin mai zama a waje, amma tana shiga. Ƙugiyarta ta kama fibronektin, fibronektin ya kama intagirin ɗin sel, sel ya ɗauka abin nasa ne ya naɗe shi ya haɗiye. A 2006 masu bincike a Italiya sun nuna cewa ƙwayoyin sel na huhu da aka raina a ɗakin gwaji, waɗanda a da ba su cika haɗiyar sitaf ba, sun koma haɗiyarta sosai bayan rainobairos ya kama su. Bakteriyar da ta shige cikin sel ta samu mafaka: ƙwayoyin kariya da ke yawo a jini ba sa isa gare ta, kuma wasu magunguna, kamar jentamaisin da dangin fenisilin, ba sa ratsa sel sosai. Wannan na daga cikin dalilan da ake bayarwa na ciwon da ke lafawa ya sake tasowa bayan an daina magani.

Wata hanyar kuma ta tsakanin tubali ce. Ƙwayoyin sel suna ɗinke da juna da wasu furotin, kamar ZO-1 da okuludin, ta yadda ko ruwa ba ya wucewa sai da izini. Rainobairos yana kwance wannan ɗinki ba tare da ya kashe sel ɗin ba, kuma an ga Haemophilus tana silalewa ta wannan tsaga zuwa naman da ke ƙasa. Wani lokaci ma bairos ɗin da kansa ne ke zama igiya. Furotin G na RSV yana manne wa nimokokas kai tsaye, kuma a 2019 an nuna infuluwenza na liƙewa a jikin nimokokas da sitaf, ta yadda bakteriyar da ke saye da bairos ta fi riƙe bangon hanyar numfashi.

Daga ina bakteriyar take zuwa? Galibi ba daga waje ba. Da ɗan gari akan ci gari. Kusan mutum 3 cikin 10 suna ɗauke da sitaf a hanci ba tare da ciwo ba. Nimokokas kuwa ta fi haka yawa a wurarenmu: wani bincike da aka yi a Kumbotso ta jihar Kano, aka wallafa a 2018, ya same ta a bayan hancin kusan mutum 3 cikin kowane 4, kuma ƙananan yara ne suka fi ɗauke da ita. Tana zaune ne a dunƙule cikin wani yauƙi mai kama da gansakuka, lamo, ba ta cutarwa. Idan bairos ya shigo yanayin wurin sai ya sauya: zafin jiki ya hau, ƙwayoyin sel da suka fashe su zubar da abin da ke cikinsu, sinadarin firgita na jiki ya ƙaru. Gwajin da aka wallafa a 2013 ya nuna waɗannan alamu ne ke tayar da nimokokas daga yauƙin ta watse, kuma waɗanda suka watse sun fi mugunta, domin sun kunna ƙwayoyin gadon da ke haɗa guba da kayan kutse. Daga bayan hanci hanya biyu ce a buɗe: ƙasa zuwa huhu, ko gefe ta siririn bututun da ke haɗa maƙogwaro da kunne. Shi ya sa ciwon kunne ke bin mura a jikin yara kamar jela. A wani tsohon gwaji na 1980 a kan cincila, wata dabba dangin ɓera, infuluwenza kaɗai ta jawo ciwon kunne a kashi 4 cikin 100, nimokokas kaɗai a kashi 21, su biyun a haɗe a kashi 67.

Sai masu gadi. A can ƙarshen huhu, cikin ƙananan jakunkunan iska, akwai manyan ƙwayoyin sel masu haɗiye baƙo, ana kiran su makurofaj. A ɓeraye, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan masu gadi suna ɓacewa a makon farko na infuluwenza, kuma sai an ɗauki kusan mako biyu kafin a cike gurbinsu. Waɗanda suka rage ma an ɗaure musu hannu, kuma jikin ne da kansa ya ɗaure su. Domin yaƙar bairos, jiki na fitar da sinadaran intaferon. Nau'in da ake kira gamma, wanda ke hauhawa daidai lokacin da ake gama da bairos, yana sa makurofaj ya rage wani makami mai suna MARCO, wanda da shi yake cafke nimokokas. Nau'i na ɗaya kuma yana danne saƙon da ke kiran niyutirofil, sojojin da suka fi iya bakteriya, yana kuma rage IL-17 da IL-22, waɗanda ke sa bango ya haɗa gubar kashe bakteriya ya kuma gyara kansa. Jiki ya juya dukkan dakarunsa gabas, maƙiyi na biyu ya ɓullo ta yamma. Akwai ma gwajin 2008 da ya nuna makurofaj ɗin huhun ɓera na zama da nauyin ji ga alamun bakteriya har tsawon watanni bayan bairos ya tafi.

Duk wannan ne ke bayyana abin da ya fi muhimmanci ga mai jinya, wato lokaci. A 2002, a asibitin bincike na St. Jude da ke Memphis ta Amurka, Jonathan McCullers da Jerold Rehg sun sa wa ɓeraye infuluwenza, bayan kwana 7 suka sa musu nimokokas, da adadin da kowanne shi kaɗai ba ya kashe yawancinsu. Duka suka mutu. Da suka juya tsarin, bakteriya ta riga bairos, sai ɓerayen suka tsira. Ƙwayoyin cutar iri ɗaya, adadi ɗaya, bambancin kawai wa ya riga wa. Kwana na bakwai shi ne lokacin da yaɓe ya zube bai gama komawa ba, masu gadi sun ragu, intaferon ya kai ƙololuwa, ga abinci a zube. Kuma shi ne daidai lokacin da mai mura ke jin ya fara warwarewa.

Adalci ne a faɗi cewa yawancin waɗannan bayanai daga ɓeraye da ƙwayoyin sel na ɗakin gwaji suka fito, kuma ba kowace hanya ce ke da nauyi ɗaya ba. Kujerar PAF misali ce mai kyau: an ɗora mata buri sosai, amma ɓerayen da aka cire musu ita gaba ɗaya ba su tsira daga nimoniyar bayan infuluwenza ba. Toshe ƙofa ɗaya bai isa ba a gidan da katangarsa ta faɗi ta wurare da yawa. Hujjar da ta fi gamsarwa a jikin ɗan Adam daga Soweto ta Afirka ta Kudu ta zo. An yi wa jarirai rigakafin nimokokas, wadda ba ruwanta da bairos, aka bi yara 37,107. Sakamakon da Shabir Madhi da Keith Klugman suka wallafa a 2004 ya nuna rigakafin ta rage kashi 31 cikin 100 na nimoniyar da gwaji ya samu bairos a cikinta. Ma'ana, kusan ɗaya cikin uku na abin da likita zai rubuta a matsayin nimoniyar bairos, akwai hannun nimokokas a ciki.

Ba kowane bairos ne ke buɗe ƙofa da faɗi ɗaya ba. A korona, wani nazari na 2020 da ya tattara bincike da dama ya samu bakteriya a kashi 3.5 cikin 100 kacal na majinyata lokacin da suka iso asibiti, sai kusan kashi 14 da suka kamu daga baya, amma kusan kashi 72 aka ba antibayotik. Wannan tazarar ɓarna ce tsagwaronta.

A ƙasar Hausa kuwa, bairos ɗin da ya fi kowanne iya wannan aika-aika shi ne na ƙyanda, baƙon dauro. Shi ba a bango kaɗai yake tsayawa ba. Yana shiga ta wata ƙofa mai suna SLAM da ke jikin fararen ƙwayoyin jini masu riƙe tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa, ya kashe su. A 2019 Michael Mina da abokan aikinsa sun auna jinin yara 77 da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan, kafin ƙyanda da bayanta. Cutar ta goge tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in kariyar da ke jininsu. Wani nazarin nasa na 2015 ya nuna haɗarin mutuwa daga wasu cututtuka yana nan sama har shekara 2 zuwa 3 bayan ƙyanda. Saboda haka yaron da ƙuraje suka bushe, fata ta saɓule, aka ce ya haye, bai gama hayewa ba. Nimoniya, gudawa da kunne mai zubar da mugunya suna jiran sa a gaba. Ƙyanda tana kuma ƙone sinadarin bitamin A, wanda da shi bangon hanyar numfashi da na ido ke gyara kansa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk yaro mai ƙyanda bitamin A sau biyu, yau da gobe: ma'auni 50,000 ga ɗan ƙasa da wata 6, 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11, 200,000 daga shekara ɗaya zuwa sama. Ɓoye mai ƙyanda a ɗaka don kada iska ta taɓa shi yana hana shi wannan taimako mai arha.

Sanƙarau ma yana da alaƙa da zancen. Bakteriyarsa a maƙogwaron masu lafiya take zama, kuma annobarsa da rani take tashi, lokacin da busasshiyar iska da ƙura ke gurje bangon hanci. A annobar 1988 a Njamena ta ƙasar Chadi, masu bincike sun samu cewa waɗanda suka kamu da sanƙarau sun fi takwarorinsu masu lafiya ɗauke da bairos ɗin numfashi da makamantansu a hanci, nesa ba kusa ba. Ƙarambau kuma ta fata yake buɗe ƙofa: ƙurjin da aka sosa ya fashe hanya ce ga sitaf da wata bakteriyar, sitireptokokas rukunin A. Ƙurjin da ya yi ja ya kumbura yana zafi, ko zazzaɓin da ya dawo bayan kwana na huɗu, na asibiti ne. A nan farasitamol ake bayarwa, ban da asfirin, kuma a guji ibufurofen.

Wani zai ce, tunda haka ne, me zai hana a sha antibayotik tun ranar farko ta mura a toshe ƙofar? Wannan shi ne abin da ake yi kullum a kemis, kuma kuskure ne. Maganin ba ya mayar da gasun da suka zube, ba ya mayar da murfin sayalik asid, ba ya tayar da makurofaj. Abin da yake yi shi ne ya kashe bakteriya masu saurin mutuwa da ke hanci, ya bar masu taurin kai su mallaki filin. Kuma da yake galibi kafso huɗu ko shida ake saya a sha kwana biyu, maganin ya ƙare kafin kwana na bakwai ya zo. Idan nimoniyar ta taso, da waɗanda suka riga suka saba da maganin za ta taso. Bincike a kan murar yau da kullum ya sha nuna cewa antibayotik ba ya gajarta ta, sai dai ya ƙara gudawa da ƙuraje. Koriyar majina ma ba hujja ba ce: launin daga wani sinadari ne da ke cikin niyutirofil, kuma yana fitowa ko da bairos ne kaɗai.

Abin da ke rage haɗarin tun kafin a kai can shi ne rigakafi. Rigakafin nimokokas, wadda Najeriya ta fara shigarwa tsarin yara a ƙarshen 2014, ana yin ta a mako 6, 10 da 14, tare da allurar fenta mai ɗauke da kariya daga Haemophilus nau'in b. Ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Masu sikila suna buƙatar kulawa ta musamman, domin saifarsu, wadda ita ke tace nimokokas daga jini, tana lalacewa tun suna ƙanana, don haka zazzaɓi a jikinsu bayan mura ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya. Haka tsofaffi, masu ciki, masu ciwon suga, masu asma da yara masu tamowa. Ga irin waɗannan, idan ana zargin infuluwenza, oseltamivir ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 48 na farko. Hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki da hayaƙin taba suna shanye gasun bututun iska kamar yadda bairos ke yi, don haka mai mura ya nisance su.

Sauran aikin na ido ne, daga kwana na huɗu zuwa ƙarshen mako na biyu. A kwantar da yaro lokacin da ba ya kuka, a ɗaga rigarsa, a sa agogon waya, a ƙirga ɗagawar ciki na minti ɗaya cikakke. Kada a ƙirga daƙiƙa 15 a ninka, domin numfashin jariri yana tafiya yana tsayawa, lissafin sai ya ɓata. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 a ɗan wata 2 zuwa 11, 40 a ɗan shekara 1 zuwa 5. Sannan a kalli ƙasan haƙarƙari: a mai lafiya ƙirji da ciki tare suke ɗagawa idan an ja iska, a mai nimoniya ƙasan ƙirjin lotsawa yake ciki. Idan yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba a iya tashe shi, ko leɓɓansa sun sauya launi, ba a tsayawa ƙirga komai, sai asibiti. Inda akwai na'urar auna oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa, yaron da awonsa ya yi ƙasa da 90 yana buƙatar iskar oksijin.

Idan ma'aikacin lafiya ya tabbatar nimoniya ce marar alamun haɗari, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce amoksisilin mai narkewa a ruwa, miligiram 250 kowace ƙwaya, sau biyu a rana: ƙwaya 1 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ƙwaya 2 ga ɗan shekara 1 zuwa 3, ƙwaya 3 ga ɗan shekara 3 zuwa 5, har kwana 5 idan ƙirji na lotsawa. Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne ba da rabin adadin, ko dainawa da zarar jiki ya yi sanyi. Idan an yi awa 48 ana sha daidai amma zazzaɓi da numfashi ba su sauka ba, a koma. Ɗaya daga cikin abubuwan da likita zai yi zargi shi ne sitaf, domin yawancinta tana fitar da sinadarin da ke karya amoksisilin, kuma ita ce aka sani da ragargaza huhu bayan infuluwenza da ƙyanda, ta huda shi ko ta tara mugunya tsakaninsa da haƙarƙari. Wannan sai hoton ƙirji, da allurar kuloksasilin ko abin da gwaji ya nuna zai ci ta, wani lokaci har da sa bututu a gefen ƙirji a tsiyaye mugunyar.